Kitso Ya Yi Tsada a Garwa: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

Wasiƙar wannan makon daga unguwar Yelwa ta fito, a cikin Garwa, a arewacin Kamaru. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye kamar yadda mai ita ta roƙa.

"Assalamu alaikum Adda. Ni matar aure ce, shekarata 29, 'ya'yana uku, biyu mata. Maigidana haya yake yi da babur. Shekara tara ke nan mace ɗaya take yi min kitso, tun na amarci, kuma kitsonta yakan yi min mako uku. Da sefa 500 nake ba ta, aka koma 1,000, to bayan ƙaramar Sallah sai ta ce jaka ɗaya da rabi, wato 1,500, na yara kuma ɗari biyar-biyar. Raina ya ɓaci, na ce mata a gaban mutane, 'Wai kitso ne ko zinariya?' Ta ce in na sami mai araha ga hanya nan. Na kuwa tafi. Na sami wata yarinya mai yin na 700, amma zafin hannu gare ta, kwana biyu ba na barcin kirki, kuma kwana takwas kitson ya tashi. Sau huɗu na je, yanzu gashin gaban goshina ya fara ja da baya. Maigida ya ce shi bai ga amfanin kashe kuɗi a kan abin da ɗankwali zai rufe ba, shi ya sa nake tsakurar ɗari ko ɗari biyu daga kuɗin cefane bai sani ba. Ga bikin ƙanwarsa saura wata guda, matan gidan sun ce dukanmu a salun za a yi mana kai iri ɗaya da mesh, wato gashin ƙari, 12,000 kowa. In ban yi ba za a ce ba na son dangin miji. Adda, kitson nan ya cancanci kuɗin da ake zuba masa kuwa? Ko in tufke kaina kawai in huta?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara rufin asiri.

Tambaya ɗaya kika yi, amma kitso uku na gani a wasiƙarki. Na jaka ɗaya da rabi ya cancanci kuɗinsa, ki biya da hannu biyu. Na 12,000 ba naki ba ne a bana. Na 700 kuwa, wanda kike ganin kin sami rangwame, shi ya fi su duka tsada, don da gashin goshinki kike cika ragowar kuɗin.

Maganar zinariyar nan ita ta fi tsaya min a rai, kuma zan gaya miki dalili. Goggona, ƙanwar babanmu, makitsiya ce, a hannunta na yi wayo. Da hantsi take shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, mai kai ta kwantar da kanta a cinyarta. Aikina shi ne riƙe gwangwanin man shanu da miƙa tsinke. Na sha zura wa yatsunta ido. Ta tsaga da tsinke, layin ya fito sambal kamar da zare aka auna, ta lakato mai da ɗan yatsa ta bi tsagar, sannan ta kama gashin ta tafi da shi har ƙeya, ko dubawa ba ta yi, hira kawai take. Kai guda na ƙananan zane yakan ɗauke ta daga hantsi har kiran azahar. In ta gama sai ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, ta kai hannu ƙugu ta tsaya jim kafin ta iya ɗaga ƙafa. Mai kai ta duba madubi, ta kwance bakin zane ta ajiye 'yan sulalla a gefen tabarma ta ce, "Ga na goro." Wata ta ce sai maigida ya dawo. Wata kuwa ba a sake ganin ƙeyarta sai jajibirin Sallah. Goggo ba ta taɓa ƙirga abin da aka ajiye a gaban mai shi ba, kunya ba ta barinta. Da girma ya zo, yatsun nan suka ƙage, jan carbi ma sai da ƙyar, ido ya dushe, baya ya ranƙwafa. Ita ta yi wa rabin matan unguwarmu kitson amarci, amma ba ta tara abin sayen awaki biyu daga sana'ar ba. Allah ya jiƙanta da rahama.

Shi ya sa in na ji ana cewa da can kitso ba shi da tsada, nakan ce tsadar tana nan tun fil azal, makitsiya ce take biya da bayanta da idonta. Mun ɗauki kitso a bakin zumunci, mun ƙi yarda cewa sana'a ce. Tela ya yanka miki kuɗin ɗinki ki biya. Mai niƙa ya yi ƙari, ki yi mita ki biya. Amma mace 'yar'uwarki da ta duƙa a kanki awa uku, tana shaƙar warin mai da gumi, ita ce in ta ce a ƙara mata sai a ga kamar ta ci amana.

Ki dubi abin da ya sami kuɗin kansa. A watan Fabrairun 2023 litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta sake hawa zuwa 840. Mu nan arewa da ma zuwa-zuwa ne yake rufa mana asiri, na kwalba da na jarka da ake shigowa da shi daga Najeriya, to a ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin mai a can, shi ma ya yi tashin gwauron zabi. Mai kuwa in ya motsa, komai sai ya motsa: masara, man girki, sabulu, gawayi, har kuɗin babur zuwa babbar kasuwa. Makitsiyarki a kasuwar da kike cefane take yin nata. Ba ta da albashin da za a yi mata ƙari, ba ta da shugaban ƙungiyar da zai je ya yi magana da yawunta. Abin da take da iko da shi kawai shi ne kuɗin hannunta.

Ba zan ɓoye miki ba, daga 500 zuwa 1,500 ninki uku ne, ya zarce yadda yawancin kayan masarufi suka tashi, kuma na gane abin da ya sa kika ji shi a ƙirji. Sai dai ɗari biyar ɗin tun farko ba kuɗin aikin ba ne, na goro ne irin na Goggo. Matar nan ta daɗe tana yi miki ragi ba ki sani ba. Kuma hannun da ya yi miki kitson amarci ba shi ne na yau ba, ya ƙara shekara tara a kan aiki, ya san inda gashinki yake da laushi, ya san inda ba ya son a ja.

Yanzu kawo kunnenki mu yi lissafi irin na mata, na kwana-kwana. Kitson jaka ɗaya da rabi da ya yi mako uku, kwana 21 ke nan, ya kama kamar sefa 70 a rana. Na 700 da ya tashi a kwana takwas ya kusa sefa 90 a rana. Kin gani, ko a kuɗi tsura mai arahar ta fi cin aljihunki, ba a sa kuɗin babur na zuwa da dawowa kusan sau uku a madadin sau ɗaya ba, ba a sa maganin ciwon kai ba, ba a sa daren da kika kwana kina juyi kin rasa gefen da za ki ɗora a matashi ba. Hausawa da suka ce araha ba ta ado, irin wannan suke nufi.

Goshin nan naki shi ne abin gaggawa, ya fi maganar biki, ya fi maganar kuɗi. Kowane silin gashi yana da saiwarsa a cikin fata. In aka ɗaure shi tamau aka bar shi kwana da kwanaki yana ja, saiwar takan kumbura, gashin ya tsinke ko ya fita. Gaban goshi da saman kunne su suke fara tafiya, don nasu gashin ya fi sauran siranta. A farkon lamarin, in aka daina jan, gashi yana dawowa. In aka yi shekaru ana maimaitawa, saiwar takan mutu wurin ya zama tabo, kuma babu man da zai tsirar da gashi a kan tabo, kowa ya ce miki yana da shi kuɗinki yake so. Ke sau huɗu kawai kika je, ina kyautata zaton da sauran gyara, in kin tsaya yau.

Akwai wata magana da muka gada wadda take cutar da mu, wai kitso in bai yi zafi ba ba ya daɗewa, wai ado sai da wahala. Ba haka ba ne. Abin da yake sa kitso ya daɗe shi ne tsaga mai kyau, da kamun da ya zo daidai daga farko har ƙarshe, da ɗaure kai in za a kwanta. Duk kitson da ya ɗage miki gira, ko ya fito miki da ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, ko kika kasa kai goshi ƙasa a sujada sai da cije baki, ki tsefe shi a ranar, ko nawa kika biya. Yarinyar nan ba muguwa ba ce, koyo take yi, kuma ta ɗauka ƙarfi shi ne gwaninta. In kin haɗu da ita ki gaya mata da taushin murya, don akwai kawunan yara ƙanana da suke bi ta hannunta.

Kin tambaya ko ki tufke kanki ki huta. Na 'yan makonni, eh, hakan ma shi ne magani. Ki tsefe wanda yake kanki yanzu, ki sa mai tukuna kafin ki taɓa tsinke, ki bi shi daga jela zuwa sama ba tare da fizga ba. Ki wanke, ki yi manyan kalaba huɗu ko shida sako-sako, ki bar gashin gaba ya sha iska. Ɗaurin ɗankwali ma ki sassauta, kada bakinsa ya riƙa zama a daidai inda gashin ya janye. Gashi kamar santimita ɗaya yake tsawo a wata, saboda haka kada ki tsaya gaban madubi kullum kina tayar da hankalinki. In wata uku zuwa huɗu suka wuce ba ki ga ƙananan gashi sun fara tsirowa ba, ko wurin ya yi sumul yana sheƙi, ko yana ƙaiƙayi da ɓarewa, ki je asibiti a duba, a kuma auna jininki. Ƙarancin jini yana zubar da gashi, haka ma 'yan watannin bayan haihuwa, kuma mace mai 'ya'ya uku kafin shekara 30 ya kamata ta san matsayin jininta.

Sai maganar biki. Ban ce mai salun ta cuce ku ba. Tana biyan hayar shago, tana biyan yaran aiki, tana biyan wuta, kuma kin san halin wutar Garwa in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, sai ta tayar da janareta da man da muka gama maganarsa. Mesh ɗin ma saye take yi, zaren roba ne da ya ƙetaro iyaka, kowane shinge ya bi ya ƙara masa kuɗi. Wataƙila 12,000 ɗin daidai ne a wurinta. A wurinki ne ba daidai ba. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a yawancin ayyukan kamfanoni a Kamaru sefa 60,000 ne a wata, kin ga kai guda ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na albashin ma'aikaci, balle mai haya da babur da abin da ya samo yau shi za a ci gobe. Kuɗin nan kitso takwas ne a wurin makitsiyarki, kusan wata shida kanki a gyare.

Kuma ko da kuɗin a hannu zan hana ki. Mesh nauyi gare shi, a kan gashin da ya riga ya jigata za a rataya shi, ga zafin garin nan, gumi ya taru a ƙasa ba hanyar wankewa da kyau. Sau da yawa kafin a sa shi sai an shafa wa kai man miƙar da gashi, kuma gashin da aka miƙar sannan aka ja shi ya fi kowanne saurin karyewa. Man nan kansa ba abin wasa ba ne. A 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000, aka ga masu shafa shi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa shafawa wajen kamuwa da sankarar mahaifa. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke cewa man ne kaɗai sanadi ba, amma ya isa mace ta yi tunani. Ga kuma ɓangaren addini, wanda na san kin ji a Islamiyya: hadisi ya inganta a kan hanin ƙarin gashi, ga mai ƙarawa da wadda aka ƙara wa. Malamai sun yi saɓani a kan zare da ulu da abin da ba gashin mutum ba, kuma malamanmu na Malikiyya suna cikin masu tsanantawa. Ki zauna da malamarku ta warware miki, har da yadda ruwan wanka zai isa tushen gashi.

To yaya za ki yi da matan gida? Kada ki bari sai ranar da mota ta zo ɗaukar mutane zuwa salun sannan ki ce ba za ki ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin makon nan ki shirya ki je gidan surukarki, ki gaishe ta, ki keɓe da babbar yayar da take jan ragamar bikin. Ki zame ɗankwali ki nuna mata goshin, ki ce, "Yaya, kin ga abin da ya same ni, kaina ba zai ɗauki mesh ba a yanzu. Anko zan yi, lalle zan yi, kuma duk aikin da kika ga ya dace ki ɗora min." Gaskiya ce tsantsa, ba ki yi ƙarya ba, ba ki kuma tona asirin aljihun ƙaninta ba. Ranar biki ki riga kowa zuwa, ki kama tukunya, ki tsaya a kan baƙi. Dangin miji suna mantawa da kitson da kika yi kafin a kai amarya, amma ba sa mantawa da wadda ta tsaya a bakin murhu tun asuba. Kuma a ƙarƙashin ɗaurin ɗankwalin biki, wa zai san na nawa ne a kanki? Ba zan yi mamaki ba in kika buɗe baki aka sami biyu ko uku cikin matan da su ma dauriya kawai suke yi, suna jiran wadda za ta fara.

Yanzu maigida. Ya faɗi rabin gaskiya. Kitson 12,000 da za a rufe da ɗankwali don idon mutane, ina bayansa. Amma kitson yau da kullum ba don titi ake yinsa ba. Gashinmu in aka bar shi ba kitso yakan cukurkuɗe, ya karye, ya tara amosani, wanke shi ya zama yaƙi. Kitso tsabta ne kafin ya zama ado, kuma adon ma in an cire ɗankwalin da dare, shi ne mai kallo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda yake da gashi ya girmama shi, kuma Uwar Muminai Ummu Salama ta tambaye shi a kan wanka da kitso a kai, ya ce ba sai ta tsefe ba a wankan janaba. Kin ga abin ba na 'yan zamani ba ne. A Muhtasar, littafin fiƙihun da malamanmu na zaure suke karantarwa, inda aka lissafa abin da ya hau kan miji na ciyarwa, an sa har da adon da mace za ta cutu in ta bar shi, irin su kwalli da man shafawa da lalle da abin gyaran kai, gwargwadon al'ada da ƙarfin mijin. Ba roƙo kike yi ba in kin nemi kuɗin gyaran kai daidai ƙarfinsa.

Amma fa kada ki tare shi da littafi a bakin ƙofa. Mutumin da ya yini a kan babur cikin rana, ƙura ta cika masa ido, ba fatawa yake nema ba. Ki bari ya yi wanka ya ci abinci. Sannan ki shigo masa ta inda ya fi kowa sani. Shi ma tun da mai ya tashi, kullum sai ya yi da fasinja: ya ce kaza ne, a ce masa da ba haka ake biya ba, kamar shi ya ƙara wa fetur kuɗi. Ya san ɗacin wannan maganar a maƙogwaronsa. Ki ce masa, "Baban yara, abin da fasinja suke yi maka shi na yi wa matar nan, kuma ga abin da na jawo wa kaina." Ki nuna masa goshin shi ma. Sannan ki faɗi adadi ƙarami, bayyananne: ɗari biyar duk Juma'a. A mako uku ta zama jaka ɗaya da rabi cif. Namiji yana tsoron kuɗin da bai san iyakarsa ba, amma ɗari biyar a mako abu ne da zai iya aunawa da tafiya biyu ko uku. Ki sami asusu ko gwangwani ki riƙa jefawa a gabansa.

Tsakurar kuɗin cefane kuwa, ki daina daga yau, ƙanwata. Na san ba don mugunta kike yi ba, na kuma san mata da yawa suna yi. Amma ɗari biyun nan daga miyar yaranki take fita, kuma ranar da ya gano, ba zai tsaya a kan ɗari biyu ba, duk abin da ya taɓa ba ki sai ya dawo yana lissafawa. Ki riga shi faɗa. Ki ce kin yi, ba ki ji daɗi ba, shi ya sa kike so a yi abin a fili. Mazan da suke jin irin wannan su ƙi sassautowa ba su da yawa. In kuwa ya ce wallahi babu, kuma kin san babu ɗin, to sai a koma ga abin da hannunki zai iya, ko 'yar sana'ar cikin gida ko adashin mako.

Akwai inda za ki rage ba tare da kin taɓa haƙƙin kowa ba. Kitson yaran nan, ɗari biyar-biyar, shi ne yake zubar miki da kuɗi a hankali. Uwar 'ya'ya mata biyu ya kamata ta iya manyan zane da kalaba, ba wuya gare su ba, kuma kan ɗiyarki shi ne allon koyonki. Ki bar na makitsiya sai Sallah da biki. In akwai maƙwabciyar da ta fi ki hannu, ku yi ban gishiri in ba ki manda, ta kama kan yaranki ke ki kama mata wani aikin. Naki kan kuma, ki riƙa tsifa da wanki a gida, ki je mata da shi a bushe a taje, kin rage mata awa guda. Ki zaɓi safiyar Talata ko Laraba lokacin da ba layi, ki guji jajibirin Sallah da kowa yake rububi. Ki tafi da matajinki da tsinkenki, don makero da ƙwarƙwata ta mataji suke yawo, tsinke kuma yakan yi ƙwarzane har ya fid da jini. Da dare ki ɗaure kai da ɗankwali mai santsi, kitson mako uku sai ya kai har da 'yan kwanaki.

Kayan gyara ma kada a ruɗe ki da kwalabe masu hoton mata da gashi har gadon baya. Karkashin da muke miya da shi, wanda maƙwabtanmu na Cadi suke kira ambunu, in kika jiƙa shi a ruwan ɗumi yauƙinsa yana warware gashi ya wanke shi ba tare da ya busar da shi ba. Man kaɗanya da man shanu suna nan inda kakanninmu suka bar su. Shebe, garin gyaran gashi na matan Cadi, wanda yanzu har Turai da Amurka ake sayar da shi, yana da amfani, amma ki san aikinsa: a jikin gashi ake shafa shi da mai, yana hana shi bushewa da karyewa, shi ya sa tsawon yake taruwa. Ba ya tsirar da gashi daga saiwa, kuma ba a cusa shi a fatar kai, balle fatar da take jinya irin taki. Kada ki kwashi kuɗi ki saya da niyyar ya dawo miki da goshi.

Saura abu mafi nauyi, kuma na san shi kike gudu. Ki koma wurin matar nan. A gaban mutane kika yi mata magana, kin san kuma yadda maganar tsakar gida take yawo, wataƙila har yau ana maimaita mata ita. Shekara tara tana riƙe da kanki a cinyarta. Ta ga cikinki na fari, ta ji abin da ba ki gaya wa kowa ba, ta yi miki kitson suna sau uku. Ko da kin yanke ba za ki sake kitso a wurinta ba, bashin ban haƙuri yana kanki.

Kada ki aika yaro, kada ki yi ta waya. Ki je da ƙafarki da la'asar sakaliya, lokacin da ta sallami mutane tana miƙe baya. Ki riƙe ɗan sabulu ko goro, abin da ya sawwaƙa. Ki gaishe ta yadda kika saba, ki tambayi yara, sannan ki ce, "Na zo ne in ba ki haƙuri a kan maganar da na yi, ban kyauta ba." Kada ki kawo zancen kuɗi, kada ki nemi ragi a wannan zaman. In daga baya wata ya zo miki da matsi, ki gaya mata tun kafin ki zauna, ki ce ga abin da yake hannunki, ta yi miki manya daidai shi, ko ki cika mata ranar Juma'a, kuma ki cika ɗin. Wataƙila ta ɗan ja aji, ta ce ai ta ɗauka kin sami mai araha. Ki haɗiye, haƙƙinta ne. In ta gama, ki zame ɗankwalin ki sunkuyar mata da kai ta duba goshin da kanta, ki tambaye ta sai yaushe take ganin zai iya ɗaukar kitso, da wane iri za a fara. Ta san kan nan naki fiye da ni.